Sigarin Laturoni: Ya Raba Ni da Taba, Ya Kama Mini Ɗa

Ni ɗan asalin Zariya ne, amma tun shekarar 2012 nake zaune da iyalina a birnin Leicester na ƙasar Ingila, inda na zo ƙaro karatu, daga baya na sami aiki na zauna. Abin da ya sa nake rubuta wannan labari shi ne, duk lokacin da aka tayar da zancen sigarin laturoni a tsakanin 'yan'uwanmu, ko a nan ko a gida, sai in ji mutane sun rabu gida biyu. Wasu suna cewa guba ce tsantsa da ta fi taba illa, wasu kuma suna cewa tururi ne mai ƙamshi wanda ba ya cutar da kowa. Ni na ga inda kowace magana ta gaza, domin wannan 'yar na'ura ce ta raba ni da taba bayan duk wata dabara ta ƙi ci, kuma ita ce ta kama ɗana na fari yana ɗan shekara goma sha huɗu.

Na fara shan taba ne a makarantar kwana, a tsakiyar shekarun 1990, ta hanyar da yawancin tsararrakina suka fara. Akwai mai tebur a bakin ƙofar makaranta da yake sayar da ita kara-kara, ya haɗa maka da ashana da alewa mai yaji ta kashe wari, ba ya kuma tambayar kowa shekarunsa. Kafin in gama jami'a na kai ga shan kwali guda a yini. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, amma ban daina laɓewa a lungu ba, domin har mahaifiyata ta rasu, Allah Ya ji ƙanta, ban taɓa yarda ta gan ni da taba a hannu ba. Kowane watan azumi nakan ƙudura cewa bana na bar ta, tunda ga shi ina iya wuni ban sha ba, sai dai wanda bai taɓa kamuwa ba bai san yadda la'asar take zame wa mashayi ba. Kai ya riƙa sarawa, hannu ya ƙi zama wuri ɗaya, ƙaramar magana ta zama abin faɗa, da an kira magariba kuma an ci dabino sai mutum ya sulale waje kafin a tayar da salla. Na daɗe a cikin wannan hali har na san alamominsa ciki da bai.

Da na zo Ingila sai na tarar an matsa wa mashaya lamba. Tun ranar 1 ga Yulin 2007 aka hana shan taba a wuraren aiki da rufaffun wuraren taruwar jama'a, ga kuma haraji mai nauyi da ya sa kuɗin kwali ɗaya ya isa cefanen yini. Na riƙa tsayawa a waje cikin tsananin hunturu ina zuƙa ina tari, har na kai matsayin da hawa bene biyu yake sa ni haki. Na gwada filastar nikotin da ake mannawa a damtse, na gwada cingam ɗinsa, duk na koma ruwa. Sa'ar da na yi ita ce, a 2014 ofishin taimaka wa masu son barin taba na birnin Leicester ya zama na farko a ƙasar da ya fito fili ya ce yana maraba da masu amfani da sigarin laturoni. Ma'aikaciyar da ta karɓe ni a 2015 ta ba ni wata na'ura na hura, ta nuna mini yawan iskar gas mai guba da ke cikin numfashina, sannan ta yi mini bayanin da ban taɓa ji ba duk tsawon shekarun. Ta ce nikotin shi ne yake ɗaure mutum, amma hayaƙin ƙonewar ganyen ne yake kashe shi, da kwaltar da ke cikinsa da dubban sinadarai, waɗanda kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna jawo ciwon daji. Sigarin laturoni kuwa ba ya ƙona komai, batir ne yake ɗumama wani ruwa mai nikotin da ɗanɗano har ya zama tururi. Wanda ya ƙera samfurin da ya yaɗu a duniya, a 2003, wani mai haɗa magunguna ne ɗan ƙasar Sin mai suna Hon Lik. Shi kansa mashayi ne, kuma ciwon dajin huhu ne ya yi ajalin mahaifinsa.

Na sayi tawa a wani shago da ba ya sayar da komai sai su, wata jibgegiyar aba ce da ake ɗura wa ruwa da hannu, ana canza mata 'yar wayar da ke ɗumama shi. A cikin 'yan makonni tarin asuba ya lafa, na fara jin ƙamshin girkin mai ɗakina tun daga bakin ƙofa, lambar da na'urar hurawa take nunawa kuma ta sauko daidai da ta wanda ba ya sha. Tun daga lokacin ban sake kunna taba ba, kuma ba zan taɓa raina wannan ni'ima ba.

A watan Agustan 2015 ne hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta lokacin, Public Health England, ta fitar da rahoton da ya ce sigarin laturoni ya fi taba ƙarancin illa da kusan kashi 95 cikin 100. Adadin ya sha suka, har mujallar likitanci ta Lancet ta yi sharhi a kansa, domin ba daga bibiyar lafiyar masu sha na shekaru ya fito ba, ƙiyasi ne na wani rukunin masana. Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce gwajin da aka wallafa a 2019, wanda aka yi a Ingila da mutum 886 masu son barin taba. Bayan shekara guda, kashi 18 cikin 100 na waɗanda aka ba sigarin laturoni ba su koma taba ba, alhali a cikin waɗanda aka ba filasta ko cingam kusan kashi 10 ne suka tsira. Sai dai akwai wani ɓangare na sakamakon da masu tallarsa ba su cika ambata ba: kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka tsira ta hanyarsa suna nan suna zuƙarsa a ƙarshen shekarar. Ni ma haka na kasance. Na sauko da ƙarfin ruwan a hankali daga miligiram 18 zuwa 3, amma na'urar ba ta bar aljihuna ba.

A 2019 'yan'uwa daga gida suka yi ta turo mini saƙonni ta WhatsApp suna cewa in jefar da ita, domin ga mutane can suna mutuwa a Amurka. Labarin gaskiya ne. Zuwa watan Fabrairun 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙirga mutum 2,807 da aka kwantar a asibiti da wani mummunan ciwon huhu, da mutum 68 da suka mutu. Amma binciken ya gano cewa babban musabbabin wani mai ne na bitamin E da 'yan kasuwar bayan fage suke gaurayawa da ruwan tabar wiwi, ba ruwan nikotin da ake sayarwa bisa ƙa'ida ba. Abin da ya fi cancanta a ji tsoro a labarin Amurka shi ne na yara, domin a 2019 fiye da kashi 27 cikin 100 na ɗaliban babbar sakandare sun ce suna shan sigarin laturoni. A watan Disamban 2019 aka ɗaga shekarun sayen kayan taba zuwa 21, kamfanin Juul mai ƙera sigarin laturoni kuma ya amince a 2022 ya biya jihohi sama da talatin dala miliyan 438.5 kan zargin tallata kayansa ga matasa. A lokacin muna ganin abin can nesa yake, domin a Ingila masu sha irina ne, magidanta tsofaffin mashaya, na'urar kuma tana da tsada da ɗawainiya.

Daga 2021 kasuwar ta sauya kamanni. Aka shigo da ƙanana masu kama da alƙalami, waɗanda ake zuƙa har su ƙare a yar, ba caji ba ɗura ruwa, a kan kusan fam 5. Launinsu ja da shuɗi da ruwan hoda, ɗanɗanonsu na mangwaro da kankana da lemo da alewa, an jera su a tagogin shagunan unguwa da na masu gyaran waya, a kan hanyar da yara suke bi zuwa makaranta. Binciken ƙungiyar ASH mai yaƙi da shan taba a Birtaniya ya nuna cewa a 2020 kashi 13.9 cikin 100 na yara 'yan shekara 11 zuwa 17 ne suka taɓa gwadawa, amma zuwa 2023 adadin ya kai kashi 20.5, kuma mafi yawan masu sha a cikinsu waɗannan na yarwa suke saye.

A cikin azumin 2023 na lura da ɗan nawa, wanda muke kira Abba saboda sunan mahaifina aka sa masa. Yaro ne mai sanyin hali, amma sai na ga da la'asar ta yi yana dafe kai, yana yi wa ƙannensa tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, da an yi buɗa-baki kuma sai ya haye sama da sauri ya rufe ƙofa, ya dawo bayan 'yan mintuna fuskarsa a sake. Mahaifiyarsa ta ɗauka yunwa ce da gajiyar makaranta. Ni gabana ya faɗi, domin na san wannan tafiyar. Na shinshina tufafinsa ban ji komai ba, kuma nan ne iyaye da yawa suke shan mamaki. Iyayenmu da hanci suke kama mu, wannan kuwa ba wari, ba toka, ba guntun taba, sai ɗan ƙamshin alewa da yake bajewa nan take. A cikin safa mahaifiyarsa ta sami na'urar, a ƙasan jakar makaranta.

Ita ya fara yi wa bayani, kamar yadda yara suke yi. Da daddare ta same ni ta ce, “Baban Abba, ka san abin da ya ce mini? Ya ce ai Baba ma yana sha, kuma ma'aikatan lafiya ne suka ba shi shawara, saboda haka ba abu ne mai cutarwa ba.” Na bari sai da muka dawo daga tarawihi, na zaunar da shi mu biyu, na ba shi labarin mai teburin makarantarmu da duk abin da ya biyo baya, wanda bai taɓa ji daga bakina ba. Na ce masa, “Abba, ni gidana ne ya kama da wuta. Wanda gobara ta kama gidansa ba ya tsayawa duba tsabtar ruwan da aka miƙo masa, ko na kwata ne watsawa zai yi. Amma babu wanda zai ɗebi wannan ruwa ya ba ɗansa mai lafiya ya sha.” Ya daɗe kansa a sunkuye, sannan ya ce, “Baba, na so in bari tun kafin azumi, na kasa.”

Wannan kalma ta “na kasa” ta girgiza ni ƙwarai, domin ni sai da na shekara da yawa ina sha kafin in furta ta, shi kuwa bai cika shekara guda da farawa ba. Da na bincika sai na gane dalili. Karan taba na farko da na sha ya shaƙe ni, ya sa ni tari da jiri da tashin zuciya, kuma wannan wahalar ta kori abokaina da yawa tun a ranar farko. Nikotin da ke cikin waɗannan na yarwa an sarrafa shi yadda ba ya kartar maƙogwaro, ga zaƙin ɗanɗano, saboda haka yaro yana iya zuƙar mai ƙarfi tun daga farko jikinsa bai ƙi ba. Karan taba yana ƙarewa a taka shi a tafi, wannan kuwa tana hannu daga safe har dare, a banɗakin makaranta, a motar haya, a ƙarƙashin bargo. Ya gaya mini cewa yakan farka cikin dare ya lalubo ta. Likitoci sun nuna cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, shi ya sa nikotin ya fi saurin kama matashi, ya taɓa natsuwarsa da barcinsa da yanayin zuciyarsa, kuma duk na ga wannan a kan ɗana.

Ba rashin doka ba ne ya kai ta hannunsa. Tun ranar 1 ga Oktoban 2015 laifi ne a Ingila a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ko babba ya saya masa. Doka ta kuma ƙayyade cewa ƙarfin nikotin kada ya wuce miligiram 20 a kowace mililita, mazubin ruwan kuma kada ya wuce mililita 2, abin da yake ba da zuƙa kamar 600. Wadda muka samu a jakarsa an rubuta zuƙa 3,500 a jikinta, ke nan ko babba bai kamata a sayar masa ba. A wani shago ya saya, yana sanye da kayan makaranta, ba wanda ya tambaye shi komai. Wata guda bayan haka BBC ta kai guda 18 da aka ƙwace daga ɗaliban wata makaranta a garin Kidderminster ɗakin gwaji, aka sami dalma da wasu ƙarafa masu guba fiye da ƙima a cikinsu. A 2024 kuma masu bincike na Jami'ar Bath suka gwada kusan 600 da aka ƙwace a makarantu 38, suka tarar da muguwar ƙwayar nan ta Spice, wadda ake haɗawa da sinadarai don ta kwaikwayi tabar wiwi, a kusan ɗaya cikin shida. Na kai ƙarar shagon ga jami'an kula da ƙa'idojin ciniki, na kuma sanar da iyayen abokansa waɗanda na sani.

Barinta bai zo masa da sauƙi ba. Likita ta rubuta masa cingam ɗin nikotin, wanda a nan an yarda a ba yaro daga shekara 12, muka kuma sauya masa hanyar zuwa makaranta. Ya bari ya koma, musamman lokacin jarrabawa, amma da yake ya daina ɓoye mana, duk komawar da ya yi mun ji daga bakinsa. Ni ma na ajiye tawa a cikin waɗannan watanni, domin ba zan iya zama da shi muna ƙirga ranakun haƙurinsa alhali tana aljihuna ba. Wannan shawara ce da na yanke wa kaina bayan shekaru ina kan mafi raunin ruwa, ba na kuma cewa kowane tsohon mashayi ya yi haka, domin na san wanda ya yi gaggawar ajiyewa ya wayi gari da kwalin taba a hannu. Alhamdu lillahi, yanzu daga ni har shi babu mai sha.

Saboda abin da na gani, ba na tare da masu cewa a haramta shi gaba ɗaya, kamar yadda Indiya ta yi a 2019. Ban ga hikimar hana mashayi abin da zai rage masa cuta ba, alhali tabar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara tana nan a kowane shago. Amma na fi nesa da masu cewa a bar kasuwa ta yi halinta. Abokaina da suka bar taba sun ce ɗanɗanon 'ya'yan itace ya taimake su manta na ganye, na kuma yarda da su, sai dai babu magidancin da yake buƙatar kwali mai ƙyalli da sunan alewa kafin ya ceci huhunsa. Wanda ya tsara wannan kwali ya san idon da yake so ya kama. Ostireliya ta mayar da sayarwar kantin magani kaɗai tun 2024. Ko ba a kai nan ba, ina ganin ya kamata ya zama sai mai lasisi zai sayar, a kwali marar ado, a bayan kanta, wanda kuma aka kama ya sayar wa yaro a ƙwace lasisinsa. Babban jami'in lafiya na Ingila, Farfesa Chris Whitty, ya faɗi abin da ya yi daidai da zuciyata a 2023, inda ya ce ga mashayi wannan ya fi taba sauƙin illa nesa ba kusa ba, wanda ba ya sha kada ya fara, tallata shi ga yara kuma abu ne da ba za a lamunta ba.

Gwamnatin Birtaniya ta bi hanya biyu a lokaci guda. A Afrilun 2023 ta sanar da shirin raba wa mashaya miliyan ɗaya na'urar kyauta domin su bar taba, a Janairun 2024 kuma Firaministan lokacin, Rishi Sunak, ya sanar da hana na yarwa, hanin da ya fara aiki ranar 1 ga Yunin 2025. Gurɓata muhalli na cikin dalilan, domin an ƙiyasta a 2023 cewa ana zubar da kusan miliyan 5 a kowane mako da batiransu. Na yi murna da hanin, amma ba a jima ba na ga irinsu a tagogi, launi ɗaya, kusan farashi ɗaya, an dai ƙara musu wurin caji da mazubin da ake canzawa domin su tsallake doka. A Fabrairun 2025 aka sanar da wani bincike na fam miliyan 62 da zai bibiyi lafiyar yara 100,000 na tsawon shekara goma, har da tasirin wannan tururi a kansu. Abin yana ci mini rai cewa a jikin tsararrakin ɗana za a karanta sakamakon.

Abin da ya fi tayar mini da hankali yanzu gida ne. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasashe 34 sun hana sayar da shi, amma 88 ba su da ƙayyadaddun shekarun saye, 74 kuma ba su da wata doka a kansa. A zuwan da na yi Najeriya na baya-bayan nan na gan su a kantunan zamani a Abuja da Kano, an jera su kusa da turare, wasu an rubuta kashi 5 cikin 100 na nikotin a jikinsu, wato miligiram 50, ninki biyu da rabi na abin da aka yarda a Ingila. Na kuma ga masu tallarsu a Instagram suna cewa za su kawo har ƙofar gida. Muna da dokar taƙaita shan taba ta 2015 wadda ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, ta kuma hana sayarwa kara-kara, amma mai tebur yana nan yana cinikinsa kamar yadda na bar shi, saboda haka ban sa ran takarda kaɗai za ta tare wannan ba. Ƙanina malami ne a wata makarantar kwana, da na nuna masa ɗaya sai ya ce ya taɓa ganin irinta a akwatin wani ɗalibi lokacin bincike, ya ɗauka alƙalamin zane ne ya mayar masa. Na tura masa hotunan nau'o'in da na sani, na kuma rubuta masa alamomin da na gani a kan Abba, domin ya nuna wa malaman da ke kula da ɗakunan kwana da iyayen yara a taronsu na gaba.